Wa ke da wijit ɗin, Python ko C++?

Darasin da ya fi kowanne nauyi a wajena, wajen ɗaura wijit (ɓangaren fuskar manhaja, kamar maɓalli) da aka rubuta da C++ a kan Qt (tarin kayan gina tagogin manhaja) da harshen Python, shi ne na mallaka: wa ke da hakkin goge abu daga ma'adana? Fitar da sunayen ayyuka aiki ne mai sauƙi, SIP na PyQt ko Shiboken na PySide, kayan aikin da ke ɗaura C++ da Python, za su yi maka.

Python yana ƙirga masu riƙe da abu, da zarar ƙirgen ya koma 0 sai ya goge shi. Qt kuwa tsarin uwa da 'ya'ya yake bi, idan taga ta tafi duk wijit ɗin da ke cikinta sun bi ta. Idan ba ka sa alamar /TransferThis/ ta SIP a kan uwar da ake miƙa wa wijit lokacin ƙirƙirarsa ba, Python zai ɗauka nasa ne, ya goge shi da zarar aikin da ya ƙirƙire shi ya ƙare. Sai ka ga maɓalli ya ɓace daga taga ba tare da wani saƙon kuskure ba. Idan kuma Qt ne ya riga gogewa, saƙon kuskure na RuntimeError za ka samu idan Python ya taɓa shi. Wannan da sauƙi, tunda aƙalla ya faɗa maka abin da ya faru.

Mafi muni shi ne inda wijit ya ajiye manuni (pointer, wato adireshi a ma'adana) zuwa wani abu ba tare da ya mallake shi ba, kamar tushen bayanan da yake zanawa. Python ya goge abin, manunin na nan, manhaja ta faɗi can gaba a wurin da ba shi da alaƙa da matsalar. Maganinsa /KeepReference/. A ganina kowane aiki mai karɓar manuni sai an gwada shi: ƙirƙiri abin, miƙa shi, yi del don Python ya sake shi, kira gc.collect() don a share abin da ba mai riƙe da shi, sannan ka tilasta wa wijit ya sake zane.

Duk aikin da wijit ɗinka ya ƙara mai alamar virtual (wato wanda ake iya maye gurbinsa da wani), ka rubuta shi haka a fayil ɗin .sip, inda ake bayyana wa SIP ayyukan C++. In ba haka ba, wanda ya sake rubuta shi a Python zai yi ta jira, C++ ba zai taɓa kiransa ba. Abin da ake miƙa wa paintEvent, aikin da Qt ke kira don zana wijit, kuma rayuwarsa iyakar kiran ce, kada a ajiye shi.

Aiki mai ɗaukar lokaci yana buƙatar /ReleaseGIL/, alamar da ke sakin makullin Python (GIL), musamman idan yana jiran wani zaren aiki (thread) da shi ma zai shiga Python, domin in babu ita za su tsaya cak suna jiran juna. Daga PyQt 5.5 kuma, kuskuren Python da ba a kama ba yana rufe manhajar gaba ɗaya, sai dai idan an saita sys.excepthook, aikin da ke karɓar irin wannan kuskure.

Wajen ginawa, yi amfani da sigar Qt da kompaila (manhajar da ke fassara C++ zuwa harshen na'ura) irin waɗanda aka gina PyQt ɗin da su, don saɓaninsu kan hana import tun daga farko.