Keke mai inji a Gadarif: kayan da na zaɓa da dalilin zaɓensu

Mai son ɗora inji a kan keke ya fara ƙirga wayoyin ƙafar baya kafin ya je tambayar kuɗin inji. Na haɗa nawa a nan Gadarif, a gabashin Sudan, don zirga-zirga tsakanin gida, kasuwa da gona, kuma aikin ya nuna mini cewa zaɓen inji shi ne mafi sauƙi. Ƙafa, birki da notina su ke raba keken da zai daɗe yana aiki da wanda za a jingine a bango.

Ga dalilin ƙirgar. Farantin haƙora da ke zuwa cikin kwalin inji ramuka 9 gare shi, an yi shi ne don ƙafa mai waya 36, yadda kowane noti zai faɗa a tsakanin wayoyi. Da yawa daga cikin manyan kekunan Phoenix masu ƙafa inci 28 da muka saba da su, waya 40 ce a bayansu. Ramukan ba sa dacewa, farantin sai ya zauna a karkace, sarƙa ta ɗaure a wani gefe ta saki a wani, ƙarshe ta fita kana cikin tafiya. Shi ya sa na ɗauki keke mai ƙafa inci 26, na sa mai gyara ya sake saƙa ƙafar baya da waya 36 masu kaurin milimita 2.6 a maimakon 2 da aka saba, a kan rim mai bango biyu. Wani lokaci sai an ɗan faɗaɗa ramukan cibiyar ƙafa da na rim kafin wayar ta shiga. Ka tuna ƙarfin inji duka ta wayoyin nan yake bi, domin roba biyu ce ke matse farantin a jikinsu. Wajen ɗauri, kada ka bi notinan a jere: ɗaure wannan kaɗan, ka tsallaka zuwa na ɗaya ɓangaren da ke fuskantarsa, kana juya ƙafar kana kallon bakin haƙoran. In rawar ta wuce milimita ɗaya, kwance ka sake. Wanda ya samu mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi masa maɗaurin da ke kama cibiyar ƙafa kai tsaye, ya huta da karyewar waya.

Firem kuwa na ƙarfe za ka nema, mai kusurwa uku a tsakiya, kaurin bututunsa milimita 25 zuwa 29, da fili kamar santimita 23 zuwa 28 tsakanin mazaunin feda da sandar sama. Na alminiyom yana tsagewa da girgiza, kuma ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba. Ban huda firem ba, ban kuma cusa roba tsakaninsa da inji ba. Mutane na sa robar don rage girgiza, amma ita ke ba inji damar motsi har ya guntule notinan da ke riƙe da shi. Notinan da suka zo a kwali ƙarfensu laushi gare shi. Na canza su da masu lamba 8.8 a kai, da washa mai kullewa.

Injin da aka rubuta wa 80cc, mai bugu biyu, ƙirar Sin, a gaskiya 66 ne: faɗin fistin milimita 47, tafiyarsa 38. Ba laifi ba ne, ya isa ya ɗauki mutum da buhu. Mai bugu huɗu na 49cc bai buƙatar gauraya mai, amma ya fi faɗi da nauyi, sai an canza hannayen feda, kuma ya fi tsada. Na zaɓi mai bugu biyu saboda duk makaniken babur zai iya buɗe shi. Farantin baya na bar mai haƙori 44, wanda ke ba da gudun kilomita 40 da 'yan kai a awa. Mai 36 zai kai wajen 50, amma tashi da kaya sai ka yi ta taimaka masa da feda, kulocin kuma na cinyewa. Mai yawan ɗaukar kaya ya nemi 48.

Birkin sanda irin na tsofaffin kekuna bai isa tsayar da wannan gudu ba, balle in rim ya jiƙe. Gaba na sa na faifai, baya mai matse rim da sabuwar roba. Hannun hagu zai ɗauki kuloci da birki tare, don haka a gwada matsayinsu tun kafin a ɗaure. Hular kwano kuma tana cikin kayan haɗi, ba ado ba ce.

Abin da ya fi hatsari a cikin kwalin shi ne ƙaramar tayar da ke ɗame sarƙa. Matse ta kawai ake yi a kan siririn bututun baya, in sarƙa ta fizge ta sai ta juya ta faɗa cikin wayoyi, ƙafa ta tsaya cak. Na rage tsawon sarƙar, mai lamba 415, yadda tayar ba ta da aiki mai yawa, sannan aka yi mini ɗan ƙarfe da ya haɗe ta da bututun sama don kada ta juya. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma farantin gaba da na baya su kasance a layi guda.

Sai batun zafi da ƙura. Injin nan ba shi da fanka, iskar tafiya ce kaɗai ke sanyaya shi, kuma a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40. Kada a bar shi yana aiki a tsaye. Tankuna na farko na gauraya mililita 50 na man 2T, wato man inji mai bugu biyu, a kowace litar fetur, ba tare da buɗe totur duka ba. Da ringi suka zauna na koma mililita 40. A gauraya a jarka, a girgiza, sannan a zuba. Baƙin man mota ba ya maye gurbinsa, haka na injin jirgin ruwa, domin an yi shi ne don injin da ruwa ke sanyayawa. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya yakan zo da datti, ramin kafireto kuwa bai kai milimita ɗaya ba, don haka matata a kan tiyon mai dole ce. Sosan iska da ya zo da inji siriri ne. Na sa mai kauri, na shafa masa ɗan mai, kuma duk bayan habub, wato guguwar ƙura, sai na wanke shi da kananzir. Fulogi na sa NGK B6HS, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Shi ne ke faɗa maka gaskiyar ciki: launin ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai jiƙe mai ya yi yawa, fari kuma man da kafireto ke bayarwa ya yi kaɗan, fistin na dab da kamawa. In ya yi fari, a sauke ƙaramin makullin allurar kafireto mataki ɗaya, a kuma duba ko iska na satar shiga ta inda kafireto ya haɗu da inji.

Da damina baƙar ƙasar Gadarif tana cushe tsakanin taya da madigadi har ƙafa ta ƙi juyawa. Na ɗaga na baya ya bar tazarar yatsu biyu, na yanke gefensa na hagu inda sarƙar inji ke wucewa, na sa taya mai faɗin inci 2.125 da tif mai kauri saboda ƙaya. Bayan kowace tafiya a makon farko, a jira inji ya huce, a bi notinan kansa da na mazauninsa da na salansa da sifana.