Kafa biyu, kaya biyar: darasin situdiyo a Gusau

Laftof ɗin da yawancinmu ke aiki da shi a ƙananan situdiyoyin Gusau ɗan gwanjo ne, kafofin USB ɗinsa biyu, in ya yi yawa uku. Masu neman kafar kuwa sun fi haka: saunkad (akwatin da ke shigar da sautin makirfo cikin laftof), fiyano, maus, ma'ajiyar waje da muke tara sautuka a ciki, ga filashin mawaƙi yana jiran a zuba masa waƙarsa. Masu tsohon Cubase, manhajar haɗa waƙa, su ma da ɗan makullin lasisinsu na USB da ke cinye kafa guda, don sai a Cubase 12, a 2022, aka daina buƙatarsa.

Yaro sabon shiga abin da yake fara yi shi ne ya sayo ɗan hob, abin da ke raba kafar USB ɗaya ta zama huɗu, irin wanda ba shi da caja, ya jona komai a jikinsa. Fitilu duk su kama, ya ce aiki ya yi. Sai mawaƙi ya shiga baiti na biyu, sauti ya fara ƙas-ƙas, ko saunkad ya ɓace daga manhajar FL Studio gaba ɗaya. Daga nan a hau zagin laftof, a ce ya tsufa.

Laftof bai yi laifi ba, wuta ce ta gaza. Kafar USB 2.0 abin da take bayarwa a ƙa'ida 500mA ne a kan bolt 5, ta USB 3.0, mai shuɗin harshe a ciki, 900mA. Hob marar caja wannan 'yar wutar yake rabawa, kamar famfo ɗaya ne aka ja wa tiyo huɗu, ruwan bai ƙaru ba. Saunkad irin su Focusrite Scarlett 2i2 daga kafar yake shan wutarsa duka, har da wadda yake ɗagawa zuwa bolt 48 don makirfon kwandensa. Ma'ajiya mai faifai kuma tana fizgar wuta sosai lokacin da faifan zai fara juyi. Ka haɗa su a hob ɗaya, dole wani ya kwana da yunwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna na yi lissafi shi ne, sautin kansa ba shi da nauyi. Makirfo biyu a 24-bit da 48kHz bayanansu bai kai megabit biyu da rabi a daƙiƙa ba, alhali USB 2.0 an gina ta a kan 480. Fiyano kuwa saƙon MIDI kawai yake aikawa, wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi. Yamaha PSR da muke ji da ita a waƙoƙin biki da na siyasa tana da adaftarta, ba ta damu da wutar laftof ba.

Don haka tsarina bai canzawa. Saunkad shi kaɗai a kafarsa, kai tsaye, da gajeriyar waya mai kauri. Sauran duka su tafi hob mai cajar kansa. In laftof na da Bluetooth, maus ya koma can. Filashin mawaƙi kuma ya jira a gama ɗauka, ba a soka shi ana tsakar aiki.

Inda wannan tsari bai isa ba shi ne ranar da makaɗan gargajiya suka zo. Mai kalangu, mai kotso, uban waƙa da 'yan amshinsa ba su san a ɗauki kowa daban ba. Na taɓa ce wa wani dattijon makaɗi, “Baba, ko za mu fara da kalangu, murya ta biyo baya?” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, waƙa ai ita ke jan kiɗi. Ka ɗauke mu yadda muke.” Gaskiyarsa. A nan wasu ke sayo makirfon USB biyu ko uku su soka a hob, suna ganin sun tsere wa tsadar babban saunkad. A Windows direban ASIO, wanda ke sada saunkad da manhajar ɗaukar waƙa, na'ura ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, kuma kowane makirfon USB da agogonsa na auna lokacin sauti a ciki. Ko ka tilasta su da ASIO4ALL, direban da ke iya haɗa na'ura fiye da ɗaya, doguwar waƙa kan sa su zame wa juna kaɗan-kaɗan. Mafita mikisa ce: a tara makirfofi a jikinta, a fitar da layi biyu zuwa saunkad. Ko a yi haƙuri a tara kuɗin saunkad mai baki huɗu ko takwas.

Sai gurnanin nan da ke shiga sifika in an tada janareta. Kafin ka zargi makirfo, zare cajar laftof. In ya yi shiru, ta layin wuta yake shigowa, sai ka jona laftof, hob da sifika a soket guda, ko ka ɗauki murya a kan batir. Haka kuma a shiga saitin wuta na Windows a kashe wurin da yake kwantar da kafofin USB don tanadin batir, shi ke sa saunkad ya yi barci mawaƙi na shan ruwa. Da hunturu kuwa ƙura ke cika kafar har waya ta riƙa lilo, don haka duk wadda ba a aiki da ita ina toshe ta da ɗan murfin roba.