Taswira a cikin manhaja, da ranar da kwamfuta ta sabunta kanta

Shagonmu yana Zariya, sana'armu kuwa haɗa manhajoji masu ɗauke da taswira: na masu kai kaya gida-gida, na masu rijistar gonaki, da na 'yan'uwanmu masu rubuta manhaja waɗanda suka iya sauran aikin amma ɓangaren taswira ya gagare su. Galibin masu zuwa sun ɗauka aikin bai wuce ka ɗora hoton gari ka soka masa 'yan allurai ba. Shi ya sa ake taya mana kamar ana cinikin atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ka faɗi kuɗi, a ce maka akwai yaron da zai yi a kwana uku a kan rubu'in haka. Zai yi ɗin kuwa. Bayan 'yan watanni sai a kawo mana aikin a ce ya lalace, alhali ba wanda ya taɓa shi. An taɓa shi mana: babbar manhajar kwamfutar ce aka sabunta.

Taswirar da kake gani a allo tana zaune ne a kan kaya da yawa. Akwai PROJ mai juya lambobin wuri daga wani tsarin awo zuwa wani, akwai GDAL mai karanta fayiloli, akwai PostGIS a rumbun bayanai. Idan ka girka su daga ma'ajiyar Ubuntu, wato wani nau'in babbar manhajar Linux, duk ranar da ka tashi daga wani zubi zuwa wani, su ma sun canja. Ubuntu 18.04 ta zo da GDAL na 2, ita kuwa 20.04 ta zo da na 3, kuma a na 3 ɗin ne aka sauya jerin lambobin: tsarin EPSG:4326, wato na lambobin wuri irin na GPS, ya koma latitud kafin longitud. Zariya tana wajen digiri 11 arewa, 7.7 gabas. Juya su ka gani, kwastoman da ke Tudun Wada zai ɓulla a jihar Taraba. Manhajar ba za ta yi ko tari ba, don lambobin duka halal ne a wurinta. Maganinsa layi ɗaya ne: a pyproj, wato PROJ na masu rubutu da harshen Python, ka sa always_xy ya zama gaskiya, a GDAL ka zaɓi jeri na gargajiya. Amma sai wanda ya san ciwon yake sanin inda zai duba. Ga kuma fayilolin GeoJSON da ke fara da longitud, Leaflet mai zana taswira a burauza kuwa da latitud, kowa da ɗabi'arsa.

Don haka ba ma danna sabuntawa don kawai kwamfuta ta nema. Ubuntu mai dogon tallafi tana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, amma muna jiran gyaran farko, kamar 24.04.1, kafin mu matsa. Da farko a kwashe rumbun bayanai da pg_dump a ajiye wuri biyu, a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya. Sai a sabunta kwamfuta guda ta gwaji. A kanta muke gudanar da jerin wuraren da muka san lambobinsu sarai, irin su Ƙofar Doka, Kwangila, PZ da babbar ƙofar jami'a a Samaru. In ɗaya ya gusa, a dakata. Bayan an ɗaga PostGIS a kira umarninsa na postgis_extensions_upgrade. In an tsallako daga tsohon zubi irin 18.04, a sake gina fihirisar duk ginshiƙan rubutu, saboda yadda ake jera haruffa ya canja tun glibc 2.28, wani ginshiƙin Linux, kuma tsohuwar fihirisa tana iya ɓoye maka sunan da yake nan daram. A 24.04 kuma pip, mai girka kayan Python, ba ya yarda ya girka kaya kai tsaye a Python ɗin kwamfuta, sai ka buɗe keɓaɓɓen muhalli. Mu dai mun huta, kowane aiki yana cikin Docker, mai keɓe manhaja da kayanta a akwatinta, da lambar zubinsa a ɗaure.

Windows kuwa nata salon daban. Gyare-gyarenta na tsaro suna zuwa Talata ta biyu a kowane wata, kuma ana iya dakatar da su har mako biyar. Wanda ke aiki da datar waya ya nuna wa kwamfuta cewa layin na awo ne, in ba haka ba ya wayi gari ba ko megabait. Kada a fara sabuntawa sai batirin inbata ya cika, don wutar da aka ɗauke a tsakiyar sabuntawa ta fi kowace cuta ɓarna. Tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a jikin kwamfuta, abin da tsofaffin tokunbo da yawa ba su da shi. Irin waɗannan Linux muke sa musu. Abin da ya fi cizon mai taswira a nan shi ne direban allo: MapLibre, mai zana taswira a burauza, da WebGL yake zane, wanda ke dogara da direban; in sabuntawa ta sauya direban sai ka ga fari fat a inda gari yake. Kafin ka zargi rubutunka, buɗe chrome://gpu a burauzar Chrome ka duba.

Sai batun takardun fili. Tsofaffin awon safiyo a ƙasar nan an yi su ne a kan ma'aunin Minna, wayarka kuwa ma'aunin GPS, wato WGS84, take bayarwa. Ka zuba lambobin ba juyi, fili ya gusa gomman mitoci, ya hau na maƙwabci. Masu aikin kwana uku kuma suna auna faɗin gona a kan Web Mercator, tsarin taswirorin intanet, wanda a daidai Zariya yake ƙara kusan kashi huɗu cikin ɗari. Gonar hekta 25 ta zama kusan 26, mai saye ya biya kuɗin ƙasar da babu ita. Mu a tsarin awon mita na UTM shiyya ta 32 muke awo, EPSG:32632.

Hoton taswirar kansa gutsuttsura ne kamar tayil ɗin ɗaki, kowane ɗaya ɗigo 256 tsawo da faɗi, kuma duk matakin kusantowa ɗaya yawansu yana ninkuwa huɗu. Masu araha suna jawo su kai tsaye daga sabar OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta, wadda ƙa'idarta ta hana kwasa da yawa, ranar da aka toshe su sai allo ya yi toka-toka. Mu muna sauke bayanan OpenStreetMap na Najeriya daga shafin Geofabrik, mu yanke yankin da ake so, mu dafa shi a fayil ɗin MBTiles guda, ta yadda ma'aikaci a ƙauyukan Giwa ko Soba zai yi aiki ba sabis. Sunan OpenStreetMap kuma yana nan a ƙasan allo, lasisinsu ya wajabta. Lungunan cikin birni da ba a zana ba, da ƙafa muke bin su.

Abu na ƙarshe da muke gwadawa kafin miƙa aiki shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Fayil ɗin taswira na Shapefile yana yanke sunan ginshiƙi a harafi goma, kuma in babu ɗan fayil ɗin cpg mai cewa UTF-8, Ɗan Magaji yana komawa tarkacen alamomi. Fayil ɗin GeoPackage ba shi da wannan matsalar. A akwatin nema kuma mutane Kofar Gayan suke bugawa da k talaka, don haka muna ajiye ginshiƙi na biyu inda ƙ, ɗ da ɓ suka koma k, d da b, a nema a can, a nuna wa mai karatu sunan da ƙugiyarsa.