Daga Ƙofar Majemi zuwa Kaisariya

Kwana uku da saukarmu a Isra'ila, motar masu ziyara ta ajiye mu a tsohon garin Yafa, gefen Tel Aviv. Muka bi wani matsattsen lungu mai matakalar dutse har muka tsaya gaban wata ƙofa a garƙame, an rubuta a samanta cewa nan ne gidan Saminu majemi. Ba a shiga. Wasu cikinmu suka ja tsaki, wai mun sha hawa da gangara don kallon ƙyaure.

Ni kuwa kalmar majemi ce ta riƙe ni. Duk wanda ya taɓa ratsa majema da tsakar rana ya san warin ɗanyar fata da jiƙon bagaruwa, ya kuma san irin kallon da ake yi wa masu sana'ar. Yahudawan lokacin ma ƙyamarsu suke yi, don suna taɓa mushe. A gidan irin wannan mutum Bitrus, almajirin Yesu, ya sauka kwana da kwanaki, in ji Littafi Mai Tsarki. A kan soron ne ya ga wahayin wani mayafi cike da dabbobin da shari'ar Yahudawa ta haramta, aka ce masa ya yanka ya ci, har sau uku. A ganina, tun ranar da ya shimfiɗa tabarmarsa a gidan majemi aka fara tausasa shi.

Muka miƙi bakin teku arewa zuwa Kaisariya, sama da kilomita 50. Bitrus sai da ya kwana a hanya, mu awa guda. Birnin da Sarki Hirudus ya gina duk ya zama kango, sai dandalin wasanni da ke fuskantar teku, inda aka tono dutse mai sunan Bilatus, gwamnan Roma da ya yi wa Yesu shari'a, a 1961. A garin nan Karniliyas, hafsan sojan Roma wanda ba Bayahude ba, ya aika a kira Bitrus, ya tara danginsa yana jira. Bitrus ya shiga, ya sa aka yi musu baftisma, ya ci abincinsu. Da ya koma Urushalima 'yan'uwa suka tare shi, don me zai sa hannu a akushin marasa kaciya?

Ina zaune kan matakalar dandalin ina waya da gida, wata dattijuwa a ayarinmu ta kasa kunne ga irin Hausata.

"Ɗana, kai Bahaushe ne gaba da baya? Kuma Kirista?"

"E, Mama. Kakana Bamaguje ne, daga ƙasar Katsina."

Tun ina yaro nake amsa wannan tambaya, har a bakin majami'a. Ta yi jim, sannan ta laluba jakarta ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ɓalla ta miƙo min rabi. Muna ci direba yana ta danna mana ham.