Kainuwar da ta shanye mana ruwan albasa

Ni ke riƙe da mabuɗin injin ban ruwa a madatsar ƙauyenmu, kusa da Pitowa, arewa maso gabas da Garwa, a arewacin Kamaru. Ƙarama ce, ƙasa aka tara aka tare rafi, ba ta kama ƙafar ta Lagdo da aka gama a 1982 a kan Binuwai ba. Amma da ita muke rainon albasa duk rani, ita kuma shanu ke sha.

Shekara biyu da suka wuce wata kainuwa ta bayyana a ciki. Ba irin tamu mai kwanciya a kan ruwa ba ce, wannan ganyenta a tsaye yake, mai sheƙi, gindinsa a kumbure, furenta shunayya. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Na ce a kwashe tun tana gefe guda. Wani dattijo a ƙungiyarmu ya ce, "Haba ɗana, kainuwa dashen Allah ce. Inuwa take yi wa ruwa, rana ba za ta sha shi ba." Kowa ya gyaɗa kai, aka bar ta.

Wannan maganar ta inuwa ita ce ta cuce mu. Kafin ƙarshen Fabrairu bakin tiyo ya fara jan laka, albasa ba ta gama ƙosawa ba. Aka zargi makiyaya, aka ce wani na tayar da inji da dare, har ni aka fara kallo a kaikaice. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Sai na sa aka raba duro gida biyu, na cika su daidai, na zuba kainuwar a ɗaya, na ajiye su a ƙofar masallaci inda kowa zai gani. Kowace asuba nakan tsoma kara in yi zane da wuƙa. Ba a daɗe ba zanen mai kainuwa ya bar ɗaya a baya. Na ɗago tushe guda na nuna musu jijiyoyin, baƙaƙe, dogaye, suna ɗigar ruwa. Su ke zuƙa, ganyen ya fitar da shi sama, kamar lagwani da kananzir. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga busasshiyar iska. A ƙasar da rana kaɗai ke kwashe kusan mita 2 na ruwa a shekara, wai mun zauna muna kiwon abin da ke taya ta. Inuwa!

Wanda yake da irin wannan madatsa, ya shiga da kwalekwale da manjagara da zarar damina ta ɗauke, don idan ta samu wuri tana iya ninka kanta cikin kamar mako biyu. Kada kuma a jibge ta a bakin ruwa. Yaran da aka ba kwangilar farko ta kwashe tamu haka suka yi, ruwan sama ya mayar da ita, kuɗinmu ya tafi a banza. Irinta na iya shekaru a cikin laka bai mutu ba. Yanzu da amalanke muke kai ta can bayan gonaki, ta ruɓe ta zama taki.

Bana ruwa ya kai mu har muka cire albasa. Dattijon nan har yau cewa yake damina ce ta yi kyau, amma ya biya kuɗin amalanke.