Litinin ɗin da 'yan aji biyar suka dawo

Zariya, 19 ga Oktoba, 2020

Yau mako 30 cif ke nan tun Litinin 23 ga Maris da aka rufe makarantu a jihar Kaduna saboda korona. A lokacin kwana 30 aka ce za a yi. An dawo da 'yan aji shida a watan Agusta suka zana WAEC, wadda aka fara ranar 17 ga watan, yanzu kuma suna kan NECO. Yau ne aka buɗe wa 'yan aji biyar da 'yan aji biyu na makarantun jeka-ka-dawo, na kwana kuwa tun jiya Lahadi suka shiga. Sauran azuzuwan suna gida tukuna.

Kafin bakwai da rabi layi ya miƙe a bakin ƙofa. Abin da ya fara shiga ido shi ne kayan makaranta. Wata bakwai ba wasa ba ne a jikin ɗan shekara 16: wando ya ɗage ya bar idon sawu a fili, riga ta ƙi maɓalluwa, wasu samarin murya ta buɗe har sai ka sake duban fuska kafin ka gane mai gaishe ka. An yi shawara kada a kori kowa kan yunifom a wannan makon, kuma daidai ne, don yaron da aka mayar gida yau ba lallai ya sake dawowa ba.

Na'urar auna zafin jiki ta ba da wahala a awar farko, kuma ba laifinta ba ne. Fatar goshi take karantawa, ba cikin jiki ba. Yaron da ya tako da ƙafa daga Ƙofar Gayan ko Tudun Wada, rana tana dukan goshinsa, zai iya nuna zafin da ba na ciwo ba ne, wanda gumi ya jiƙa masa goshi kuma zai nuna ƙasa da gaskiya. Gyaran shi ne mai awo ya tsaya a inuwa, na'urar ma kada a ajiye ta a rana, a riƙe ta kusa da goshi gwargwadon tazarar da aka rubuta a kwalinta, a bar yaro ya share gumi. Wanda zafinsa ya kai digiri 37.5 a zaunar da shi ƙarƙashin dalbejiya minti goma a sake aunawa. Mutum huɗu aka zaunar, uku suka sauko. Ta huɗun, wata yarinya, jikinta na rawa, kai na sarawa. Ƙarshen damina ne, sauro ya yi yawa, mafi kusa dai zazzaɓin cizon sauro ne, amma malami ba likita ba ne. Aka kai ta ɗakin da aka keɓe, aka kira gidansu, yayanta ya zo ya wuce da ita asibiti. Abu guda da aka kula da shi: ba a yi shela ba. Idan yara suka fara nuna wata da yatsa suna cewa mai korona, gobe duk mai zazzaɓi zai haɗiyi farasitamol kafin ya fito, awon ya tashi a banza.

Wanke hannu lissafi ne. Bokiti mai famfo na lita 20 ne, kuma idan yaro ya bar famfon a buɗe tsawon daƙiƙa 20 da ake so ya cuɗa hannu, kusan rabin lita ya tafi. Yara 40 sun shanye bokiti ke nan. Sai aka tsayar da Baba mai gadi yana nunawa: a jiƙa hannu, a rufe, a cuɗa har bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, sannan a buɗe a ɗauraye. Da haka bokitin ya kusa ninka aikinsa. Sabulun sanda bai yi minti ashirin ba ya faɗa cikin taɓo. Abin da ya fi shi ne garin Omo kamar gram 30 a cikin gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a huda murfin da ƙusa mai zafi, a ɗaure gorar da igiya a jikin tebur. Kuma dole a sa baho a ƙasa, in ba haka ba bakin ƙofar ya zama fadama kafin tara.

Goge bencina ma da ƙa'idarsa, kuma nan ne aka fi kuskure. Ruwan Jik da ake sayarwa a shago yawanci ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, a dai duba jikin gorar. Abin da ake bukata don tebur da marikin ƙofa kashi 0.1 ne, wato awo 1 na Jik a awo 34 na ruwa. A bokitin lita 10, abin da ya ɗan haura rabin ledar fiya wata ya isa. A fara share ƙura da ruwan sabulu, don datti na kashe ƙarfin maganin, sannan a goga, a bari ya yi aƙalla minti ɗaya kafin ya bushe. Kullum a haɗa sabo, kada a bar shi a rana, kada a gauraya shi da wani maganin wanke bayi, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum. Masu shara sun so su tuttula rabin gora wai don ya fi kisa. Abin da hakan ke jawowa ƙaiƙayin hannu ne da tari da kuma ƙarewar kaya kafin Alhamis.

Su azuzuwan sun sha damina babu mai leƙa su. Gara ta cinye ƙafafun bencina da dama, jemagu sun tare a silin, warin kashinsu na tsaya wa mutum a maƙogwaro, allon aji ɗaya ruwan yoyo ya wanke baƙinsa. Ciyawar bayan ɗakin gwaje-gwaje an sare ta ranar Asabar saboda macizai.

Ɗakinmu mita 9 ne a mita 7. Idan aka bar wa malami mita 2 a gaban allo, aka sa mita ɗaya da rabi tsakanin yaro da yaro, layi biyar ake samu, mutum huɗu a kowanne, 20 ke nan. An zana da'ira da alli a inda kowa zai zauna, benci mai ɗaukar uku ya koma na mutum ɗaya. Rajistar ajin kuwa suna 63 ne a ciki. Yau ɗakuna sun wadata tunda sauran yara na gida, malamai ne ba su wadata ba: darasi ɗaya sai an koyar da shi sau uku. Ranar da kowa ya dawo, ba makawa sai an raba, wasu safe wasu yamma, kuma kowane darasi zai gajarta. Tagogi duka a buɗe suke, wannan ya fi duk wani feshi amfani. Damuwata hunturu ne da ke tafe, lokacin da yara za su riƙa roƙo a rufe taga, ga mura da tari sun cika aji.

Takunkumi kowa ya zo da shi, yawanci ɗinkin tela na atamfa, amma kafin goma rabinsu sun sauka ƙarƙashin haɓa. Mai falle ɗaya ba ya tarewa sosai, a ƙalla ya zama biyu, ya rufe hanci. Ga masu hijabi, mai igiya da ake ɗaurawa ta ƙeya a kan hijabin ya fi mai robar kunne. Malami kuma sai ya rage gudun magana ya riƙa rubuta kalmar a allo, don na baya ba sa ganin baki, ba sa ji sosai. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, wai da gaske akwai cutar nan? A unguwarmu cewa ake ta masu hawa jirgi ce.” Ba a yi masa tsawa ba, tambaya ce da rabin ajin ke riƙe da ita. Aka tuna masa cewa gwamnan jihar nan, Nasir El-Rufa'i, da kansa ya sanar ya kamu a ƙarshen Maris, kuma ita ta yi ajalin Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a Afrilu. Aka ce masa, “Ɗana, mai shekarunka sau da yawa ba ya ma sanin ya ɗauka. Kakarka da ke gida ake ji wa tsoro.” Ya gyara takunkuminsa.

Duk wannan, da bokiti da alli da na'ura, shi ne mai sauƙin. Babban aikin yana cikin kawunan yaran.

An rufe ana gab da ƙarshen zango na biyu, zango na uku kuma bai samu ba sam. Abin da zai fara zo wa malami a rai shi ne ya buɗe manhaja, ya nemi inda aka tsaya a Maris, ya ɗora daga nan da gudu. Ina ganin babu kuskuren da ya kai wannan. Yaran ba sa inda aka bar su. Lissafi kamar ginin tubali yake, in na ƙasa ya zaizaye duk abin da ka aza a kai zubewa zai yi. Shi ya sa yau ba a koyar da sabon abu ba. An ba su tambaya goma, minti 20, aka gaya musu babu maki, babu bulala, ba za a karanta sakamakon kowa a gaban aji ba. Tambayoyin an jera su kamar tsani: biyu daga aikin aji biyu, uku daga aji uku, uku daga aji huɗu, biyu daga abin da aka yi a Fabrairu da Maris. Inda yaro ya fara tuntuɓe, nan ne matakinsa.

Takardun na gabana yanzu. Rabi a tara da sulusi, da yawa sun rubuta 2/5: sun tara na sama, sun tara na ƙasa. Amsar 5/6 ce, kuma da ka ce su kwatanta da rabin burodi da sulusinsa za su ga ai ya kusa cika guda, ba zai gaza rabi ba. Sai −3 − 5, wanda aka ba shi amsa kala uku: 2, da −2, da 8. Wannan da harshen kasuwa ake warware shi: ana bin ka bashin naira uku, ka ƙara cin na biyar, nawa ake bin ka? Babu ɗan Sabon Gari da zai faɗi wannan. Tambayar x² − 5x + 6 = 0, wadda a Maris kusan kowa ke warwarewa, mutum tara ne suka samo 2 da 3. Sauran ba hanyar suka manta gaba ɗaya ba, alamar ɗebewa ce ke kayar da su a tsakiya. Littafin fo-figa kuwa, mai teburan alƙaluma da ake dubawa wajen lissafi, wasu sun manta ta wane gefe ake shiga teburin.

Darussan da aka riƙa sakawa a rediyo da talabijin lokacin kulle sun taimaki wasu, ba a raina ba. Amma lissafi a rediyo, babu allo, babu damar cewa Malam a maimaita, ga ɗauke wuta, ga rediyon gidan na hannun maigida. Ana gane wanda ya samu yaya ɗan jami'a a gida, tunda su ma 'yan ABU yajin aikin ASUU ya zaunar da su tun Maris: takardunsu sun fita daban.

An kasa takardun kashi uku, kuma tunda dama ɗaki uku ake zama, daga gobe rabon zai bi wannan kason maimakon jerin rajista. Na farko su ci gaba da manhaja. Na biyu mako biyu na bita a kan alamomin tarawa da ɗebewa da warware baka, wato braket. Na uku a koma da su can tushe, rabawa da ninkawa da rabi da rubu'i, ba tare da an sa wa ɗakinsu wani suna da zai zama abin gori ba. Duk Juma'a a sake ɗan gwaji, mai motsawa ya motsa. Na san za a ce lokaci ba ya jira, waɗannan su ne masu WAEC ta baɗi. Amma a gama manhaja a takarda yara ba su ɗauki komai ba, wa aka yi wa aiki?

Sai kujerun da babu kowa. Cikin 63, 44 ne suka zo. Aka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ana tambayar 'yan unguwarsu. Kaka ce, wasu suna gona ana karyar masara da yankan shinkafa, waɗannan za su dawo. Wasu sun kama sana'a, gyaran waya a PZ, ɗinki, tuƙin Keke, sun fara jin ɗumin kuɗi a aljihu. Su ne masu wuyar, kuma ba a jawo su da wa'azi, sai dai a zauna da maigidan sana'ar a nemi ya sake su da safe su koma masa da yamma. Da aka kira sunan wata yarinya da ke cikin biyar na farko a ajin, ƙawarta ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam, an kai ta ɗakinta tun bayan Babbar Sallah.” Ajin ya yi tsit. Ba a soke sunan ba. Malama mai kula da 'yan mata ta ce za ta je gidan da kanta ta gaida uwar mijin, ta ji ko za a bar ta ta ƙarasa.

Da aka tashi, tazarar da aka wuni ana tsarewa ta ƙare a bakin titi. Suka yi cincirindo wurin mai awara, ledar ruwa ɗaya na zagaya baki uku, aka cusa biyar a Keke guda. Gobe za a riƙa sallamar ɗaki ɗaya bayan ɗaya, minti biyar tsakani.

An raba sunaye 19 ɗin tsakanin malamai bisa unguwanni. Huɗu suka faɗo mini, biyu a Gyallesu, biyu a cikin birni wajen Babban Dodo, zan bi su bayan la'asar. Sai batirin na'urar awo, da garin Omo, da kwalin alli, duk da safe kafin bakwai.