Daga tía zuwa vieja: abin da aikin tafinta ya koya mini kan yadda ake kiran mata da Sifaniyanci

A ajin koyon Sifaniyanci kalmomi kaɗan ake ba ka idan ana maganar mace: niña ga ƙaramar yarinya, chica ko muchacha ga budurwa, mujer ga babbar mace, sai señora ga wadda ake girmamawa. Da su za ka ci jarrabawa lafiya lau. Ranar da ka fara aiki cikin mutane kuwa, sai ka tarar bakinsu cike yake da wasu kalmomin da malami bai taɓa rubuta su a allo ba. Ni tafinta ce a wata ƙungiya a Madrid da ke taimaka wa mata 'yan ci-rani, yawancinsu masu aikatau a gidaje da masu kula da tsofaffi. Saboda matan Afirka ta Yamma aka ɗauke ni, amma ɗakin jira ɗaya ne, kuma abokan aikina wasu 'yan Kolombiya ne, wasu 'yan Ajantina da Peru, wasu 'yan nan Sifaniya. Harshen ɗaya ne a takarda, ƙasashe ashirin ke aikin hukuma da shi, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

'Yan matan Madrid ba sa iya haɗa jimla biyu ba su ce tía ba. Asalin ma'anarta inna ko gwaggo, amma a bakinsu ƙawa ce kawai. Biyu daga cikin ma'aikatanmu in suka zauna shan kofi da safe, abin da za ka ji ke nan, tía kaza, tía kaza, ɗaya na dukan teburi ɗaya na dariya. Abokiyar aikinmu 'yar Peru kuwa takan yamutsa fuska, don a garinsu idan aka ce wa mace tía to an fara lissafa ta cikin manya ke nan. In kuma namiji ne ya ƙara kalma ɗaya ya ce tía buena, magana ta tashi daga ƙawance ta koma kan surar jikinta.

Wadda ta fi ba ni aiki ita ce vieja, wato tsohuwa. 'Yar Kolombiya za ta nuna miki yarinya 'yar shekara 20 ta ce esa vieja, ba ta nufin komai sai "waccan matar". Ɗan Ajantina idan ya ce mi vieja mahaifiyarsa yake nufi, da ƙauna, kamar yadda samarinmu ke cewa "tsohuwata". A Meksiko kuma mi vieja sau da yawa matar mutum ce, kuma akwai matan da ba sa son jin ta ko kaɗan, don tana ɗauke da ƙamshin raini. Idan mace ta zauna gabanmu tana ba da labarin rigimar gida ta ce "su vieja ce ta kore ni", wato tsohuwarsa, dole sai na san daga wace ƙasa mai maganar ta fito kafin in rubuta uwar miji ko matar maigida. Takardar da za ta je hannun lauya ce, ba a cika ta da tsammani.

Sauran sunayen da ake kiran yarinya ko budurwa da su ba sa lissafuwa. Chama a Benezuwela, chava a Meksiko, morra musamman a arewacinta, jeva a Kyuba da maƙwabtanta, patoja a Gwatemala, cipota a Honduras. 'Yan Chile cabra suke cewa, akuya ke nan, kuma babu mai jin haushi. A Kolombiya budurwa ƙarama sardina ce, sunan kifi. Wasu kalmomin ma ba daga Turai suka zo ba, daga harsunan 'yan asalin ƙasashen suke: escuincla ta Meksiko daga harshen Nahuatl take, daga sunan kare, guambra ta Ekwado daga Kichwa, ita kuma china da ake kiran yarinya da ita a Bogota daga Kechuwa ta fito, ba ruwanta da ƙasar Sin. Mina da piba na Ajantina suna cikin lunfardo, salon maganar da ya tashi a unguwannin talakawa da baƙin haure, galibi 'yan Italiya, a Buenos Aires a ƙarshen ƙarni na 19. Can ne ake juya gaɓoɓin kalma, mujer ta koma jermu. Akwai kuma masu haɗari: bicha yarinya ce a El Salvador, amma ɗan'uwanta bicho a Puerto Rico batsa ce tsagwaronta.

Inda abin ya fi taɓa aikina shi ne sunayen da ake ciro wa daga jiki da launin fata. Flaca siririya, gorda mai ƙiba, güera fara a Meksiko, negra baƙa. A Latin Amurka miji na kiran matarsa gorda ta amsa da murmushi, saurayi a Peru ya ce mi flaca yana nufin budurwarsa ko da ba siririya ba ce. Babbar mawaƙiyar Ajantina Mercedes Sosa har ta rasu a 2009 La Negra masoyanta ke kiran ta. Masu kallon ƙwallo za su tuna Edinson Cavani: a ƙarshen 2020, yana Manchester United, ya rubuta wa abokinsa gracias negrito, wato "na gode ɗan baƙi", a Instagram, hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da shi wasa 3 ta ci shi tarar fam 100,000, cibiyar harshe ta ƙasarsu Yurugwai kuma ta fito ta ce an jahilci yadda suke magana. A ganina kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma abin da ke wahalar da tafinta ke nan.

Wata baiwar Allah 'yar Nijar, ta girme ni sosai, mai kula da wata tsohuwa, ta taɓa riƙe hannuna bayan mun gama cike mata takardu. Ta rage murya ta ce, "Ke 'yar nan, wannan negrita da suke ce mini, zagi ne ko me?" Na ce, "Yaya, wa ke faɗa, kuma yaushe?" Ta ce tsohuwar na faɗa idan tana shafa mata mai a ƙafa, har ta kama kumatunta. Ɗan tsohuwar kuma yakan faɗa a waya, gabanta, la negrita ta yi kaza, la negrita ba ta yi kaza ba, alhali ta shekara a gidan bai taɓa kiran sunanta ba. Na ce mata ta bakin tsohuwar shaƙuwa ce, ko da ba dole ba ne ta so ta. Ta bakin ɗan kuwa raini ne, kuma tana da damar ce masa sunanta kaza. Haruffa bakwai ne duka biyun, ƙamus ba zai raba mata su ba.

Wani abin da na lura da shi tun ina ɗaliba: kalma takan lalace idan ta koma ta mace. Zorro dila ne, namiji mai wayo, zorra kuwa karuwa. Hombre público mutum ne mai riƙe da muƙami, mujer pública a tsohon amfani karuwa ce. Haka perro da perra, kare da karya, haka golfo da golfa, ɗan iska da karuwa. Mata sun daɗe suna matsa wa hukumar harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa tun 1713. A 2017 ta sa wa sexo débil, wai jinsi mai rauni, alamar kalmar wulaƙanci, a 2018 kuma ta gyara bayanin fácil, wato mai sauƙi, wanda a da ke jingina saurin ba da kai ga mace musamman. Hukumar takan ce ita rubuta abin da mutane ke faɗa take yi, ba ita ke ƙirƙira ba. Haka ne, amma ai ba ta motsa ba sai da aka yi mata ca.

Dokoki ma sun shigo. Mamacita da ake jefa wa mace a titi, irin kirarin da suke kira piropo, a da ana ɗaukar sa gwanintar baki. Peru ta yi dokar hana tsangwamar mata a titi a 2015, Chile da Ajantina a 2019, Sifaniya ta saka shi cikin dokarta ta 2022. A lokaci guda 'yan matan sun karɓe wasu kalmomin sun mayar nasu. Tun bayan gangamin Ni Una Menos na yaƙi da kisan mata a Ajantina, na 3 ga Yuni 2015, masu fafutuka a Ajantina las pibas suke kiran kansu, takwarorinsu na Meksiko las morras, da alfahari.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi taka ka ɗaura. A wannan fagen ban bi karin maganar ba. Duk kalmomin nan ina jin su, ina fassara su, ina da ɗan littafin da nake rubuta sabuwa da sunan ƙasar mai faɗar ta a gefe. Amma a bakina kaɗan ne: tía ga abokan aiki biyu da suka fara kira na da ita, chicas idan ina tara mata su shigo ɗakin taro, señora ga duk wadda ta girme ni. Señorita, da ake ce wa wadda ba ta yi aure ba, na ajiye ta, don matasa da yawa a Sifaniya na ganin ba ruwan ofis da ko mace na da aure. Sabuwar zuwa kuma, kafin in buɗe fayil ɗinta, nakan tambaye ta da wane suna take so a kira ta, in rubuta shi a saman shafin farko.